Guɗar da Ta Suɓuce wa Yelwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Yau ku ɗan ajiye gardamar ƙwallon Turai da kuka cika mana kunne da ita, ku matso kusa. Labarin yau ma na ƙwallo ne, amma ba irin wanda kuka saba ba.

Akwai wata baiwar Allah a garin Dutsi, kusa da Daura, sunanta Yelwa. Mace ce mai sanyin magana. Sai ka wuni a gidansu ba ka ji muryarta ba, sai fa in akuya ta kai baki kan shanyar wake. Mijinta Dabo dillalin shanu ne, yau yana kasuwar Mashi, gobe ya tsallaka Nijar. Allah ya ba su 'ya'ya, amma maganarmu a kan ta farin take, Haulatu.

To ku 'yan zamani, bari in tuna muku wani abu. A gidajenmu na da, kuma har gobe a gidaje irin na su Yelwa, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, kallonsa ma sai a sace. Kunya ake kiran abin. Yelwa kuwa ta riƙe shi da hannu biyu. Tun ranar suna ba a taɓa jin kalmar Haulatu a bakinta ba. In ta kama dole, sai ta ce "waccan", ko ta ce "ta wajen Yaya".

Yayar nan ita ce Goggo Hasana, yayar Dabo. Ita aka ba yarinyar tun daga yaye, ta tafi da ita Daura, ta raine ta a unguwar da ke kusa da rijiyar Kusugu. Goggo Hasana kuwa Allah ya yi ta da baki. Ita kaɗai in tana hira, wanda ke wucewa a waje sai ya ɗauka biki ake yi. Da mijinta ya rasu sai ta kwaso kayanta ta dawo Dutsi, gidan ƙanenta.

A makarantar kwana ta 'yan mata aka gano Haulatu. Malamar wasanni ce ta lura cewa duk abin da aka jefa wa yarinyar nan sai ta cafke shi, ko lemo ne ko takalmi. Ta sa ta a raga. Daga wasan makarantu aka kai ta na jiha, daga nan wata babbar ƙungiyar mata da ke kudu ta ce tana so.

Dabo bai amsa ba sai da ya je ya sami liman. Aka yi magana mai tsawo, aka tsaya a kan sharaɗi: dogon wando, riga mai dogon hannu, kai a rufe, kuma cikin mata 'yan uwanta. Haulatu ta ce ta ji ta gani. Ranar da za ta tafi kowa ya raka ta tasha. Yelwa ce kaɗai ba ta fito ba, ta ce tana da sussuka.

Shekaru suka ja. A wata shekara ƙungiyar su Haulatu ta zama zakara a ƙasa. Da damina suka je suka fafata da zakarun ƙasashen yammacin Afirka, suka fito. Da kaka ta yi, ana tsakiyar roron wake, sai ga labari: za su tafi can arewacin nahiya, gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta Afirka gaba ɗaya. Kuma 'yar Dutsi ce a raga.

A nan matsala ta fara.

Shugabar ƙungiyar ta kawo wata dabara don a ƙarfafa wa 'yan wasa gwiwa. Ta ce kowace uwa ta aiko da ɗan gajeren bidiyo, ta kira sunan 'yarta, ta yi mata addu'a, a nuna musu a masauki kafin wasan farko. A wajenta abu ne mai sauƙi. Ina za ta san yadda ake yi a Dutsi?

Goggo Hasana ta ɗauko waya ta tsaya a kan Yelwa, wadda ke zaune tana ɓare gyaɗa.

"To matar ƙanena, gyara ɗankwali. Cewa kawai za ki yi, Haulatu Allah ya ba da sa'a. Shi ke nan."

Yelwa ta zaro ido. "Ni? Haba Yaya! A gaban duniya?"

"Wace duniya? 'Yan mata ne su kaɗai a ɗaki."

"Ki rufa mini asiri, Yaya. Ke ce uwarta, ki yi mata."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige madafi. Goggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi gori, duk a banza. Da ta gaji sai ta juya wayar ta ɗauki kanta. Ta yi addu'a, ta yi kirari, ta haɗa har da gargaɗin cewa kar a sake a ci abinci mai sanyi a ƙasar mutane.

A can masauki aka kunna bidiyoyi. Wata uwar tana rawa, wata tana kuka, wata ta tara dangi suna waƙa da sunan 'yarsu. Da aka zo kan Goggo, wata abokiyar wasa ta tambayi Haulatu ko wannan ce mamanta. Ta ce a'a, goggonta ce. Nan take yarinyar ta rungume ta da tausayi, ta ce ayya, ba ta san mamanta ta rasu ba.

Wallahi da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma maganar ta soki Haulatu inda ba ta zata ba.

Washegari da hantsi ta kira waya. Goggo dai kunnenta ya fara nauyi, kullum a sifika take magana, duk gidan na ji.

"Goggo, don Allah in tambaye ki. Me na yi wa Inna?"

"Wace irin magana ce wannan? Kunya ce, kin fi kowa sani."

"Kunya har yaushe? An ce mini marainiya a gaban mutane, ni da uwata a raye. Kowa uwarsa ta kira sunansa, ni tawa ko fuskarta ba ta iya nunawa ba. In ƙwallon da nake yi ne take jin kunyarsa, ta fito ta faɗa."

"Ke Haulatu, iya bakinki!"

"Ki gaya mata, in an gama gasa kudu zan koma in yi zamana. Ku zan riƙa aiko muku da gaisuwa. Wanda bai san sunana ba, me zan zo in yi masa?"

Ta kashe waya.

Yelwa na nan zaune da faifan gyaɗa, ko taku biyu babu tsakaninta da wayar. Hannunta bai daina ɓarewa ba, amma ƙwayar take zubarwa a ƙasa tana tara ɓawon a faifai. Ranta ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ta. Ta san halin 'yarta, taurin kan Dabo ne ta kwaso kaf. In ta ce ba ta zuwa, to ba ta zuwa.

Goggo ta sauke murya, abin da ba ta saba ba. "Yelwa, karɓi wayar nan in kira miki ita. Sau ɗaya ki faɗi sunan. Babu wanda zai mutu."

Yelwa ta girgiza kai. "Yarinya ce, Yaya. Za ta huce."

Amma da la'asar, da ta ga babu kowa, sai ta zagaya bayan rumbu ta tsaya ita kaɗai. Ta waiwaya dama, ta waiwaya hagu. Ta buɗe baki za ta gwada. "Hau..." Sai harshe ya maƙale. Ta sake gwadawa, zufa ta keto mata. Abin da ba ta yi ba tun ranar suna, ba bayan rumbu ɗaya zai koya mata ba. Ta tsuguna ta yi kukanta, ta share ido, ta koma ta ɗora tuwo.

Ana haka ranar wasan farko ta zo. Gidan kallon ƙwallo na garin dai na maza ne, mace ba ta shiga. Liman kuma ya ce wasan mata, mata su kalli abinsu. Sai Dabo ya je ya aro talabijin da dikoda da ƙaramin janareta, ya ɗauro su a mashin, aka kafa a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ya fita ya zauna a zaure da abokansa, ya ɗauko wata tsohuwar igiyar shanu yana tufka. Wai shi ba ruwansa.

Kafin alƙaliyar wasa ta hura usur, tsakar gida ta cika maƙil. Matan unguwa, da goyo, da tabarmi, da masu tallan awara da suka ga kasuwa ta buɗe. Yawancinsu ba su taɓa kallon ƙwallo daga farko zuwa ƙarshe ba.

Da aka nuno Haulatu cikin koren kaya, kai a rufe, ta ɗaga hannu tana addu'a, gida ya ɗauki ihu. Goggo ta miƙe tana buga ƙirji. "Tawa ce! Ni na goya ta! Ku dubi tsayi, ku dubi kafaɗa!"

Wata tsohuwa maƙwabciya, Iya Auta, ta tsura ido ta ce, "To me ya sa ita kaɗai aka bari tana kamawa da hannu?"

Goggo ta ce, "Don duk ta fi su tarbiyya."

Da alƙaliya ta ɗaga wa wata katin gargaɗi, Iya Auta ta ce ko na asibiti ne, don ta ga yarinyar tana ɗingishi. Da wata 'yar wasan gaba ta bangaje Haulatu, Goggo ta cire takalmi ta yi kan talabijin, sai da mata biyu suka riƙe ta suna tuna mata cewa kayan aro ne. Daga zaure kuwa, bini-bini sai ka ji muryar mai tufkar igiya ta kan katanga: "Yaya, lafiya? An ci mu ne?"

Ina Yelwa? Tana bakin ƙofar ɗakinta, ta juya wa talabijin baya, da tiren wake a cinya tana tsinta. Mata suka ce kai, Yelwa akwai kunya, irinsu sun ƙare. Abin da ba su sani ba, tun da safe ta ja durowarta mai madubi ta karkato da ita daidai ƙofa. Duk abin da ke cikin talabijin yana cikin madubin nan. Waken da ta tsince ranar, da tsakuwarsa aka dafa shi.

Suka ci wasan farko. Na biyu aka tashi canjaras. Na uku suka sake ci, suka fito daga rukuni. Garin Dutsi ya rikice da murna. Masu shayi, 'yan acaɓa, matan da ke layin injin niƙa, kowa zancen gola yake. Dabo in ya shiga kara, wato kasuwar shanu, kafin a yi cinikin sa sai an yi masa barka, shi kuwa sai ya kawar da kai ya ce ai 'yar Yaya ce.

Bayan kowane wasa Haulatu na kiran Goggo. Ta gaishe ta, ta ce a gaida Baba, a gaida ƙanne, a gaida har Iya Auta. Sunan Inna ba ya fitowa. Yelwa na ji. Sai dai in gida ya yi shiru ta matso kusa da Goggo, tana kallon wani wuri daban, ta ce, "Yaya, waccan... yaushe za su ƙara?"

Aka zo wasan kusa da na ƙarshe, kuma da masu masaukin baƙi za a kara. Filin ya cika da mutanensu, ganguna da tutoci ko'ina. Aka fara bayan la'asar. Ranar Haulatu ta ga aiki. Ta dama a bugo, ta hagu a bugo, ta sama a bugo, ita kuwa tana ta kaɗewa. Aka ci su ɗaya, suka rama. Aka ƙara lokaci, babu wanda ya sake ci. Rana ta yi ja, kaji sun fara neman akurki, aka ce sai bugun fenareti.

Goggo ta yi wa mata bayani irin nata: "Yanzu kowa zai koma gefe. Daga mai bugu sai 'yata. Wanda ya san wata addu'a ya fito da ita."

Sannan ta ɗauko waya ta danna wurin saƙon murya ta riƙe da babban yatsa. Ta ce bari ta naɗar wa 'yarta ihun matan Dutsi, ko an ci ko ba a ci ba, ta san ana tare da ita.

Aka yi ta bugawa, wannan ya ci, wancan ya ci. Tsakar gida ta yi tsit, har ƙarar janareta ta zama kamar a cikin kai take. Aka zo bugun ƙarshe na masu gida. In ta shiga, a ci gaba. In Haulatu ta tare, sun kai wasan ƙarshe.

Yelwa ta daina ko yin kamar tana tsintar wake. Idonta na cikin madubi. Ta ga 'yarta ta tsaya a tsakiyar raga ita kaɗai, dubban mutane na yi mata ihu a ka, a ƙasar da ba ta da kowa. Ta ga ta goge fuska da bayan safar hannu, yadda take yi tun tana ƙarama in tana so ta ɓoye tsoro.

Mai bugu ta taho da gudu. Ta sheƙa ƙwallo can ƙasa ta kusurwa. Haulatu ta yi tsalle ta miƙe a iska, ta kaɗe ta waje.

Jama'a, kafin kowa ya buɗe baki, sai wata guɗa ta tashi daga bakin ƙofar ɗaki. Doguwa, siririya, mai kaifi, ta ratsa rumfa ta tsallake katanga ta fita titi. Tiren wake ya kife. Yelwa ce a tsaye, yatsa a hanci, ido a rufe, tana rangaɗawa kamar an kawo amarya.

Mata suka juyo baki buɗe. Daga zaure Dabo ya ce, "Subhanallahi, wace ce wannan?" Shi da ya aure ta bai taɓa jin wannan murya ba.

Sai da numfashinta ya ƙare ta buɗe ido, ta ga duk unguwa na kallonta. Ta dafe baki. "Ba ni ba ce," in ji ta, ta faɗa ɗaki ta saki labule.

Ai kuwa sai gida ya fashe. Dariya, ihu, tafi, guɗa kan guɗa. Iya Auta ta yi ta dariya har sai da aka ba ta ruwa. Goggo ta ɗaga hannu sama tana rawa, a nan babban yatsanta ya saki waya. Saƙo ya tafi.

Bayan sallar magariba Yelwa ta sami Goggo. "Yaya, don girman Allah ki goge shi."

Goggo ta duba waya ta ce, "In goge me? Ga alama nan, har an saurara."

"Ta ce me?"

"Ba ta ce komai ba tukuna."

Ranar Haulatu ba ta kira ba. Washegari ma shiru. Da ta kira daga baya, gaisuwa ce a gurguje, ta ce suna atisaye, ta kashe. Ko kalma ɗaya ba ta yi a kan saƙon ba.

Wannan ya fi komai yi wa Yelwa ciwo. A waje ba ta da sakat. In ta je niƙa sai wata ta kama hanci ta ce, "Yelwa, ana bikin ƙanwata ran Juma'a, ko za ki taimaka mana?" A cikin gida kuma ga shirun 'yarta. Ta ce a ranta, shi ke nan, kunyar ta zube, yarinyar kuma ba ta dawo ba. Amma ba ta yi fushi ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Addu'ar da take yi mata bayan kowace salla ta ci gaba da yi. Ko a nan ma ba ta faɗin suna, tana cewa ne, Allah ka san wadda nake nufi.

Ranar wasan ƙarshe ta koma bakin ƙofarta da madubinta. Wannan karon sai ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙora ta cije, don kar a maimaita. Su Haulatu suka yi iya yinsu, amma ana dab da tashi aka zura musu ƙwallo ɗaya. Kofi ya tafi wani wuri, su aka rataya musu lambar azurfa.

Mutanen Dutsi ba su ga abin baƙin ciki ba. Na biyu a duk Afirka? Goggo ta ce ita dai a iya saninta azurfa ta fi kyau a wuyan mace. Aka dafa shinkafa da wake aka raba wa unguwa.

Aka mayar da talabijin. Rumfa ta koma wurin shanyar gyaɗa. Goggo ta yi ta kiran wayar Haulatu, a kashe. Kwanaki suka wuce. Yelwa ta share ɗakin baƙi ta shimfiɗa sabon zanen gado, da Goggo ta tambaye ta sai ta ce ƙura ce ta yi yawa. Duk mashin ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, sannan ya wuce.

Wata ranar Talata da hantsi tana tankaɗe, sai ta ji hayaniya daga bakin titi. Hon ɗin mashina, ihun yara, muryoyin mata. Hayaniyar na matsowa, na matsowa, har ta tsaya a ƙofar gidansu. Ta ji Goggo ta ƙwala ihu: "La ilaha illallahu! Ga ta nan! Ga golar Afirka!"

Yelwa ta saki rariya. Daɗi ya kama ta. Amma kun san hali. Maimakon ta yi waje, sai ta yi ɗaki, ta zauna a bakin gado ta fuskanci bango.

Tana ji ana rungume-rungume a tsakar gida. Tana ji Iya Auta na neman a ba ta lambar ta ciza ta ji ko ta gaske ce. Tana ji Goggo na faɗa: "Ja'ira, shi ne kika kashe waya kika bar mu cikin zulumi? Saƙon da na tura miki ma ko amsa?"

Sai ta ji muryar Haulatu, a hankali, dab da labule.

"Goggo, na rasa bakin amsawa ne. Na saurare shi a ɗakin canza kaya, na sake saurara, har wayar ta mutu. Cikin duk hayaniyar nan muryarta na fara ji. Na kunna wa abokan wasana, na ce ga uwar da kuka ce ta rasu. Na gaya musu yadda ake yi a wurinmu, da abin da guɗar nan ta ci mata. Wadda ta yi mini ta'aziyya har kuka ta yi. Kafin wasan ƙarshe duk sai da suka kama hanci wai za su gwada, ba ki ji ɓarna ba."

Mata suka kwashe da dariya.

"Na ga abin ba na waya ba ne, Goggo. Da bakina na yi laifi, da ƙafata ya kamata in zo."

Labule ya motsa. Haulatu ta shigo, doguwa har tana sunkuyawa a ƙofa, Goggo na biye da ita. Ta durƙusa a ƙasa, ta cire lambar azurfa daga wuya ta ajiye a gefen gado.

"Inna, na yi magana irin ta marasa hankali. Na auna ki da mudun wasu. Ki yafe mini."

Yelwa ba ta juyo ba. Hawaye na zuba a kan zanenta, amma fuskarta na bango. Can ta gyara murya.

"Yaya."

"Na'am."

"Ki ce mata ba ta yi mini komai ba. Allah ya yi albarka."

Goggo ta ce, "To kin ji. Ko sai na fassara?"

Haulatu ta yi dariya cikin kuka. Ta yunƙura za ta tashi, sai Yelwa ta sake magana, har yanzu da bango take yi.

"Yaya, ki duba mata ƙaramin yatsan hagu. Tun wasa na biyu take kaffa-kaffa da shi."

Goggo ta fizgo hannun ta ɗaga. Ga yatsa nan a kumbure, ya ɗan karkace. Haulatu ta tsaya tana kallon bayan uwarta, baki buɗe.

"Inna... ko kocinmu ban bari ya sani ba. Tsoro nake kar a cire ni. Ke da aka ce mini baya kika juya wa talabijin?"

Yelwa ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska.

"A kai ta wurin maɗori, Yaya," in ji ta. Sai kuma ta ce, "A'a. Ta fara cin abinci tukuna, akwai dambu a tukunya."

Darasi: Ba kowace ƙauna ce ke fitowa ta baki ba. Kafin ka yanke wa iyayenka hukunci don ba su yi maka yadda iyayen wasu ke yi ba, tsaya ka duba yadda su suka iya nuna tasu, wataƙila sun fi kowa zuba maka ido. In kuma ka yi kuskure, kar girman kai ya hana ka tako ƙafa ka nemi gafara tun suna raye. Ku kuma iyaye, haƙuri irin na Yelwa yana da lada, amma ku riƙa barin yaran nan suna jin ɗuriyar abin da ke zuciyarku ko da sau ɗaya ne. Duk ɗan fari da 'yar fari da ke wannan shafi, ku yi mana sallama a ƙasa mu san yawanku, sannan ku tura labarin ga 'yan uwa su ma su karanta.